Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamanmu da Shugabannin Ƙungiyoyin Hausawa a Ingila Kan Ciwon Hanta a Jikin Yaranmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Alhazai da Hajiyoyi masu riƙe da ragamar ƙungiyoyinmu daga Landan zuwa Birmingham, Manchester da Leeds, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu: ɗaurin aure, raɗin suna, jana'iza, da tarbar baƙon da ya sauka bai san kowa ba.

Ni 'yarku ce, ma'aikaciyar jinya a arewacin Ingila, kuma uwa. Da yawun wasu iyaye mata nake magana, waɗanda muke haɗuwa lokaci zuwa lokaci. Cikinmu akwai ungozoma, akwai masu aikin kula da tsofaffi, akwai waɗanda suka biyo mazajensu karatu. Wasunmu 'ya'yansu na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sun yarda in rubuta, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Ga abin da ya jawo wasiƙar. Lokacin shirin taron Sallar da ta wuce mun roƙi kwamitin ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ya ba mu rabin sa'a da tebur guda a bakin zaure, mu yi wa iyaye bayanin gwajin hanta ga yaran da aka haifa a gida aka zo da su nan. Da farko an amince. Ana gab da taro sai aka cire mu daga jadawali. Hujjojin da aka ba mu su ne: yaranmu lafiyarsu ƙalau, maganar za ta ɓata wa 'yan mata suna a rasa mai aurensu, kuma za ta jawo mana idon hukumar shige da fice. Da muka tuntuɓi 'yan uwa a wasu garuruwan, sai muka ji kusan amsar da suke samu ke nan. Shi ya sa muka ga gara mu yi maganar a fili, cikin ladabi, kowa ya ji.

Kukanmu na farko: akwai rukunin yara da babu wanda yake nemansu. Ingila ta tsare ƙofar haihuwa sosai. Tun shekarar 2000 ake yi wa kowace mai ciki tayin gwajin wannan cuta a wurin awo. Idan an same ta da ita, jaririnta zai sha allurar rigakafi cikin sa'o'i 24 da haihuwa, a bi shi da sauran allurai, a gwada jininsa bayan ya shekara. Duk jaririn da aka haifa daga 1 ga Agustan 2017 kuwa, rigakafin na cikin allurar da ake yi masa a mako 8 da 12 da 16, ko da uwarsa ba ta da komai. To yaron da aka haifa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, ya sauka filin jirgi yana ɗan shekara shida riƙe da hannun uwarsa fa? Wannan ƙofar bai bi ta cikinta ba. Ta gida kuma ba lalle ta tare shi ba. Najeriya ta sa rigakafin cikin alluran yara a 2004, har da ta ranar haihuwa, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuma adadin bai kai rabin haka ba. Macen da ta haihu a ɗaki, ana ta hidimar ruwan wanka da kunun kanwa, wa zai ɗauki jariri ya kai shi allura kafin kwana ya zagayo? Sai bayan suna, wani ma sai an yi arba'in.

Iyaye da yawa suna ce mana, "Ai an yi mana gwaji kafin a ba mu biza." Allah ya gafarta malam, gwajin nan na tarin fuka ne kaɗai. Babu wanda ya duba hanta. Kuma kun fi mu sanin yawan iyalan da suka shigo tsakanin 2021 da 2023, ta hanyar karatu da aikin kula da tsofaffi, kafin a rufe ƙofar zuwa da iyali ga mafi yawansu a 2024. Yaran nan su ne suka cika islamiyyunku ranar Asabar da Lahadi. Da yawansu sun fito ne daga Najeriya, ƙasar da binciken gwamnati na 2018 ya samu kusan kashi 8 cikin 100 na manyanta da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita.

Kukanmu na biyu shi ne maganar "lafiyarsu ƙalau", kuma a nan za mu ɗan daɗe, don ita ce ta fi yaudarar mutane. Babba idan ya kamu, jikinsa kan yaƙi ƙwayar cutar ya kore ta cikin watanni, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zama musu. Jariri kuwa akasin haka ne: idan ya ɗauka wajen haihuwa, kusan kashi 90 cikin 100 za ta zauna masa. Wanda ya ɗauka tsakanin shekara 1 zuwa 5, kusan ɗaya cikin uku. A ƙasashenmu da yawa a wannan ƙuruciyar suke ɗauka, daga yayye da abokan wasa, ta ƙuraje da ciwukan da ke zubar da ruwa ko jini, ta askar da aka yi wa yaro biyar aski da ita, ta kayan kaciya da tsaga da cire beli da hujin kunne. Ƙwayar tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe.

Daga nan sai shiru na shekaru. A matakin farko ƙwayar na hayayyafa ba adadi a jinin yaro, amma garkuwar jikinsa ba ta tanka mata ba. Ba shawara, ba zazzaɓi, ba rama. Yana cin tuwo, yana buga ƙwallo, yana zuwa na ɗaya a aji. Ko gwajin aikin hanta aka yi, sai ya fito daidai. A wannan lokacin likita yakan ce ba a fara magani ba tukuna, a dai riƙa zuwa ana dubawa, iyaye kuma su ji kamar an ce babu komai. Alhali a lokacin ne yaron ya fi iya sa wa ƙannensa.

Sai mataki na biyu, ranar da garkuwar jiki ta farga ta fara yaƙi. Filin yaƙin kuwa hantar ce. Ƙwayoyin hanta na mutuwa, tabo na maye gurbinsu, shi yaro bai ji komai ba, sai dai wani lokaci gajiya da za a ɗora wa karatu. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna an shiga wannan hali, ta hauhawar wani sinadari da ake rubutawa ALT a takardar sakamako. Idan yaƙin ya yi gajarta, yaro ya wuce zuwa mataki na uku, ƙwayar ta lafa, hanta ta huta. Idan ya ja shekaru, tabo ya taru har hanta ta ƙandare. Gara ce a cikin azara: daga waje ɗaki lafiya lau.

Asibitocin yara a Turai da Kanada da suka daɗe suna bin yaran baƙi sun lura da wani bambanci. Yaran da suka fito daga gabashin Asiya, waɗanda galibi daga uwa suka ɗauka, sukan daɗe a matakin farko, wasu har su girma. Namu na Afirka ta Yamma, inda irin ƙwayar da ake kira E ta fi yawa, sukan kai matakin lafawa da wuri, mafi yawa kafin shekara 20. Wannan labari ne mai daɗi, amma a nan ne kuma muke yin sake. Lafawa ba warkewa ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin 100 ne a shekara cutar ke barin jininsa gaba ɗaya. A wasu takan sake tashi bayan shekaru, ko haka kawai, ko idan aka ba mutum maganin da ke danne garkuwar jiki, kamar na ciwon daji. Ƙandarewar hanta da sankarar hanta ba su cika bayyana a ƙuruciya ba, gaskiya ne. Gaba suke jira. Cikin waɗanda cutar ta zauna musu tun suna yara, kusan ɗaya cikin huɗu na iya rasa ransa ta dalilin ɗayan biyun nan idan ba a kula da shi ba. Kuma sankarar hanta da Bature ke gamuwa da ita bayan ya haura sittin, ɗan Afirka ta Yamma takan same shi yana ɗan talatin da wani abu ko arba'in da wani abu. Wane ne a cikinmu bai san wani magidanci a gida da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka ce sammu ne, bai yi wata uku ba aka kai shi makwancinsa? Wannan magidancin ma yana ɗan shekara bakwai lafiyarsa ƙalau.

Na uku: ko waɗanda aka gano, muna sakinsu a hanya. Wata 'yar uwa a cikinmu ta ba ni izinin faɗin nata. Ta zo da ɗanta yana firamare. Da ta samu ciki a nan aka gano tana da cutar, aka gwada yaron, shi ma yana da ita. An bi shi a asibitin yara na wasu shekaru, har aka ce ƙwayar ta lafa. Sai aiki ya mai da maigidan wani gari, suka tashi, takardun asibiti suka ci gaba da zuwa tsohon gida. Ana cikin haka wani kawu ya aiko da jiƙo daga gida, aka sha, aka ce an rabu da ita. Sai da yaron ya shiga jami'a, ya ji ciwo a wajen ƙwallo aka kai shi sashen gaggawa, aka haɗa da gwajin hanta cikin jinin da aka ɗiba, kamar yadda wasu manyan asibitoci suka fara yi tun 2022. Ƙwayar ta tashi, hanta ta soma tabo. Yanzu yana shan ƙwaya ɗaya kullum, yana karatunsa, Alhamdu lillahi. Amma shekarun da tabon ya yi yana taruwa, da ana zuwa asibiti da an gani.

Irin wannan yankewar ta fi faruwa a wurare biyu: idan iyali suka sauya gari, da kuma tsakanin shekara 16 zuwa 18, lokacin da ake miƙa yaro daga asibitin yara zuwa na manya. A nan takardar alƙawari takan koma sunansa, shi kuwa wani ba a taɓa gaya masa abin da ake kai shi yi ba. Mun ga budurwar da ta kai shekara 17 tana zaton gwajin ƙarancin jini ake yi mata. Yaya za ta kula da cutar da ba ta san tana da ita ba?

Game da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ba mu raina kowa ba, da su aka raine mu. Amma babu wanda aka tabbatar yana kashe wannan ƙwayar, wasu kuma hantar ce ke shan wahalar tace su. Magungunan da aka tabbatar suna danne ta akwai su, entecavir da tenofovir, kuma ana ba yara ma idan likita ya ga lokaci ya yi. A Maris ɗin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci magani, har da matasa daga shekara 12. Ƙasar nan na da manyan cibiyoyin hantar yara guda uku, a asibitin King's College da ke Landan, da Birmingham, da Leeds. Mutane na sayar da gona a gida don su kai ɗansu inda bai kai waɗannan ba, mu kuma ga su a ƙofar gidanmu.

Na huɗu, maganar aure. Mun fahimci tsoron, mu ma muna da 'ya'ya mata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciwon hanta nau'in B na cikin jerin. Yarinyar da kuka ƙi a gwada tana shekara 10, za a gwada ta ana saura mako biyu ɗaurin aure, an raba katin gayyata, dangin miji na tsaye a bakin ɗakin gwaji. Wanne ya fi tona asiri? Wadda ta san halinta tun da wuri kuwa, maganar mai sauƙi ce: a gwada wanda zai aure ta, a yi masa rigakafi, ya samu kariya. Idan ta samu ciki aka ga ƙwayar ta yi yawa, a ba ta tenofovir a watannin ƙarshe, jariri ya sha allurarsa ranar haihuwa, ta shayar da shi nononta babu fargaba. Haka batun karatu. Da yawanmu burinmu ɗa ya zama likita. Makarantun likitanci a nan suna gwada ɗalibai kan wannan cuta. Mai ita ba a hana shi zama likita, har tiyata yana iya yi idan an danne ƙwayar ta sauka ƙasa da ma'aunin da aka gindaya. Gara ya shiga da saninsa, da likitansa, da ya ji labari a makon farko na jami'a shi kaɗai a ɗaki.

Akwai wani zalunci da ke tafe da wannan shirun, kuma mata yake faɗa wa. Mace ce ake fara ganowa, don ita kaɗai ake gwadawa, a wurin awo. Sai ta dawo gida da takarda, a ce ita ta kawo cuta gidan, har a yi mata kallon zargi. Maigida kuwa ya ƙi zuwa gwaji, ya ce shi garau yake. Malamai, ku kuke zama sulhun irin waɗannan ma'aurata. Ku sani mafi yawan namu tun suna goye ko suna rarrafe suka ɗauka, ba ta wata hanyar banza ba, kuma ana iya samun miji da ita tun kafin ya san matar. Mun kuma ga gidan da aka ware wa yaro kwano da cokali da tabarma, aka hana shi wasa da 'yan uwansa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko gumi, ko tari, ko runguma, ko musabaha. Makarantun ƙasar nan ba sa korar yaro saboda ita. Abin da za a ware masa shi ne buroshin haƙori, reza da abin yanke farce, a kuma rufe ciwo idan ya ji.

Batun shige da fice gajere ne. Mun san inda tsoron ya samo asali: ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna gwada hanta kafin ba da bizar aiki, 'yan uwa da yawa sun sha wannan. Birtaniya ba ta sa shi cikin gwajin biza ko sabunta ta ba. Yin rajista da likitan unguwa, wato GP, kyauta ne ga kowa a Ingila. Ciwon hanta na ƙwayar cuta kuma yana cikin jerin cututtukan da NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati, ba ta karɓar kuɗin gwajinsu da maganinsu, ko wace irin takarda mutum yake da ita.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku mai da mu cikin jadawalin taro na gaba, kuma kada a tura mu ɓangaren mata kaɗai. A yi bayanin maza na zaune. In son samu ne, liman ko shugaba ya fara miƙa hannunsa a ɗebi jini a gaban jama'a. Mun san mutanenmu: abin da malam ya yi, shi ake yi.

Limamai, ku ware huɗuba guda a shekara. Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya, Juma'ar da ta fi kusa da ita ta wadatar, kuma tana faɗawa daidai lokacin da iyalai ke shirin tafiya hutu gida. Ba mu ce ku zama likitoci ba. Ku faɗi abu uku: a gwada duk yaron da aka haifa a gida, mai cutar ba mazinaci ba ne, kuma wanda aka ce ya riƙa zuwa asibiti kada ya daina don ya ji garau. Bayanin da kuke buƙata za mu rubuta muku da Hausa a shafi ɗaya.

Kwamitocin tarbar baƙi, kuna nuna wa sabon zuwa inda ake sayar da naman halal da yadda ake sa yaro makaranta. Ku ƙara wannan a ciki. Ku ba shi 'yar takarda da zai miƙa wa GP, ɗauke da sunan gwajin, HBsAg, da bayanin ƙasar da aka haifi yaron. Tun 2012 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce a yi tayin gwajin ga duk wanda aka haifa a ƙasar da cutar ta kai kashi 2 cikin 100, ƙasashenmu duka na ciki. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Idan an samu mutum ɗaya a gida, a gwada kowa, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi, wannan kyauta ne ga mutanen gidan.

Ku ja kunnen masu tafiya hutu. Yaron da aka haifa a nan kafin Agustan 2017, in ba uwarsa na da cutar ba, da wuya a ce an yi masa rigakafin. A yi masa kafin tafiya, ko da za a biya. Kaciya da aski a gida, a tabbatar da sabuwar reza da kayan da aka dafa, kada kunyar wanzamin gidan kaka ta hana magana. Yaron da ke da cutar kuma a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in A, a kuma kula da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masarar da suka yi fumfuna, cikin tsarabar da ake ɗauko mana ma, don gubar da ke cikinsu idan ta haɗu da wannan ƙwayar tana ninka haɗarin sankarar hanta.

Malaman islamiyya da shugabannin matasa, ku taimaka wa iyaye su gaya wa yaro halin da yake ciki kafin ya kai shekara 16, a natse, ba ranar da aka yi faɗa ba. Wanda ya rasa yadda zai fara, akwai iyaye a cikinmu da suka riga suka bi hanyar, za su zauna da shi.

Na ƙarshe, muna roƙon kowace ƙungiya ta naɗa mutum biyu, namiji da mace, masu riƙe sirri, waɗanda iyali za su iya kira idan sakamako ya fito, su raka su asibiti, su yi musu tafinta idan da buƙata, su kuma tuna musu su sauya adireshi a asibiti idan za su tashi. Ma'aikatan lafiyan da ke cikinmu sun ɗauki nauyin koyar da su ba tare da an biya ko kwabo ba. Muna jiran amsarku ta hannun sakatarorin ƙungiyoyi kafin a zauna tsara taro na gaba, don mu samu lokacin neman ma'aikatan da za su zo ɗibar jini.

Idan akwai inda harshe ya yi kaifi, a yafe mana. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

'Yarku,
a madadin iyaye mata da ma'aikatan lafiya Hausawa mazauna arewacin Ingila